Hirarmu ta Asabar: Osamu Shimomura

Assalamu alaikum ƴan uwa. Hirar wannan makon, Asabar bayan Isha'i, a kan Osamu Shimomura ce, masanin kimiyyar sinadarai ɗan Japan da ya ƙarar da rayuwarsa yana bin diddigin hasken da halittu ke fitarwa da kansu, irin na maƙesun da muke gani a fadama da damina.

Yana ɗan shekara 16 aka jefa bam a Nagasaki, shi kuma yana kusa da garin. A 1960 ya tafi Jami'ar Princeton a Amurka. Shi da iyalinsa sun yi shekaru suna kamfato wata halittar teku mai kama da lema mai fitar da haske a Friday Harbor, wani gari a gaɓar tekun Amurka. Wata rana ya zubar da ruwan gwajin da ya tatso daga halittar a wurin wanke kaya, ya gauraya da ruwan teku, sai shuɗin haske ya walƙa. Ashe sinadarin kalsiyam da ke cikin ruwan teku ne ke kunna shi. Daga nan ya gano furotin GFP mai koren haske, wanda yau masu bincike ke liƙa wa wasu furotin don ganin motsinsu cikin ƙwayar halitta mai rai. Ya samu kyautar Nobel a 2008, ya rasu 2018.

Malaman kimiyya, don Allah ku turo tambayoyinku tun ranar Juma'a.