Littattafan da Ba a Taɓa Rubutawa Ba

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da masu wasan nan na tatsuniya da ake yi a kan teburi, wanda kowane ɗan wasa yake shiga rigar wani jarumi, mutum ɗaya kuma yake zama jagora, yana bayyana musu duniyar da suke ciki, yana yanke hukunci a kan duk abin da suka aikata. Mafi shahara a cikin irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, inda ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska 20, take raba gardama idan jarumi ya gwada wani abu mai wuya.

Na daɗe ina jagorantar wannan wasa, kuma abin da ya fi ba ni kunya a cikinsa ɗakin karatu ne. Wata rana na kai 'yan wasana hasumiyar wani matsafi da ya mutu, na ce musu bangon nan huɗu duk kantoci ne maƙil da littattafai, ina zaton za su wuce su nemi akwatin zinariya. Sai ɗaya daga cikinsu ta ce ta zaro littafi na uku a kantar sama, ta tambaye ni sunansa. Na yi jim, na ce na tsafi ne. Ta zaro na kusa da shi, na ce shi ma na tsafi ne. Daga nan jikin kowa ya yi sanyi, domin sun gane kantocin nan babu komai a kansu sai bakina.

Jagorori da yawa suna maganin wannan da jerin sunaye ɗari, a jefa ƙwaya a karanta wanda ya faɗo. Ban raina dabarar ba, amma suna kaɗai ba ya ɗaukar tambaya ta biyu. Abin da na koya shi ne, kowane littafin da na ƙirƙira sai na san wanda ya rubuta shi, da abin da yake nema da rubutun, da kuma inda ya yi kuskure ko ya shara ƙarya. Na taɓa ajiye musu wani mai suna "Hanyoyi Bakwai na Ratsa Dajin Toka", wanda wani falke ya rubuta don ya jawo ayari su bi ta garin surukinsa, a gefensa kuma na ajiye "Raddi ga Mai Hanyoyi Bakwai", na wani mai nuna wa matafiya hanya da ya rasa ƙafa a hanya ta huɗu. 'Yan wasan sun shafe kusan awa guda suna musu a kan wanda za su gaskata, ni kuwa ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Masu wasan kwamfuta sun san wannan, domin a Skyrim, wanda ya fito a 2011, akwai ɗaruruwan littattafai da ake iya buɗewa a karanta, wasunsu kuma suna saɓa wa juna a kan tarihi guda.

Akwai kuma jikin littafin kansa, wanda aka fi mantawa da shi. Kafin Gutenberg ya fara buga littattafai a birnin Mainz na Jamus wajen 1450, da hannu ake kwafe su a Turai, sau da yawa a kan fata, kuma saboda tsadarta akan kankare tsohon rubutu a yi sabo a kai. A babban cocin Hereford da ke Ingila har yau akwai littattafan da aka ɗaure da sarƙa a jikin kantocinsu. Duk wannan kayan aiki ne a hannun jagora: juzu'i na biyu wanda na farkonsa ya ɓata, shafin da aka yage daidai wurin da ake buƙata, ko hashiyar wani mai karatu da ya rubuta "ƙarya ne, na je wurin" da tawada ja.

Kada kuma a ce kowane littafi sai ya ɓoye asiri. Ɗakin karatu na gaskiya cike yake da lissafin haraji, da waƙoƙin yabo marasa daɗi, da bayanin yadda ake kiwon alfadari, kuma a tsakanin irin waɗannan ne littafi mai muhimmanci yake yin daraja idan an same shi.

Roƙona, ya Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi a shafin nishaɗi inda masu karatu za su riƙa aiko da littafi guda da suka ƙirƙira, da sunansa, da marubucinsa, da ƙaryar da ke cikinsa, a layi uku kacal. Ni ina da goma sha biyu a ajiye, zan fara aiko su idan ka amince.

Naka,
Wani jagoran wasa, mai karanta jaridarka