Sake ɗura harsashi: a fara da littafi da sikeli

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi tsokaci kan sake ɗura harsashi, al'adar maharban Amurka da matasanmu ke yawan kallo a waya.

A can, idan maharbi ya yi harbi, yakan tsince kwanson tagullar ya kai gida, ya wanke, ya mayar da shi daidai girmansa, sannan ya sanya sabon maɓallin tayar da wuta a gindinsa, ya zuba albarushi, ya dasa sabon kan dalma. Dokar tarayyarsu ta yarda mutum ya yi haka don amfanin kansa, amma sayarwa sai da lasisi.

Abin da ke ɗaukar idon mai kallo shi ne manyan injunan kamfanin Dillon, masu zubo harsashi duk lokacin da aka ja hannu. Amma tsofaffin hannu ba sa ɗora sabon shiga a kansu. Sukan ce ya fara sayen littafin awon albarushi irin na kamfanin Lyman ko Hornady, da sikeli mai kyau, da ma'aunin tsawon kwanso, sannan injin matsi mai yin aiki ɗaya a lokaci guda, irin na RCBS ko Lee. A ganina gaskiyarsu ce, domin albarushin nan da ma'aunin giren ake auna shi, wanda sai an tara 7,000 ake samun laba ɗaya. Wanda hankalinsa ya tafi ya zuba sau biyu a kwanso guda, bindigar na iya tarwatsewa a hannunsa. Wanda kuma ya manta bai zuba ba, dalmar kan maƙale a bututu, harbi na gaba ya tarar da ita.

Mu a Najeriya, Dokar Bindigogi ta 1959 ta tsaurara mallakar harsashi, balle haɗa shi a ɗaka, kuma aikin ƙera shi na irin su DICON ne, wato kamfanin ƙera makamai na gwamnatin tarayya da aka kafa a Kaduna a 1964. Jan hankalina ga maharbanmu masu bindigar toka shi ne, kada su kwance harsashin zamani su ɗura albarushinsa, domin ƙarfinsa ya wuce abin da bututun maƙeri zai iya ɗauka.

Naku,
Wani mai karatu daga Kaduna