Godiya ga ofishin 'yan sandan yankinmu da Baba DPO da ke shirin aje kaki

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne nan Sakkwato, kuma na rubuta wanga saƙo da yawuna da na abokan sana'ata da direbobin da ke ɗauko muna kaya daga Goronyo da Wurno da Kware. Labari ya iso muna cewa DPO ɗin yankinmu, wanda duk muke kira Baba, ya cika shekara 35 shina aiki, kuma dokar aikin gwamnati ita ce in ka cika 35 ko ka kai shekara 60 da haihuwa to sai hutu, shi ne munka ce wallahi ba mu barin bawan Allah wanga ya tahi shiru ba mu faɗi alherinai a bainar jama'a ba.

Ranka ya daɗe, tun kana kurtu ka faro, ka yi kofur ka yi saje ka yi sufeto, ba tsallake ka yi ba, kuma ina ganin abin da ya sa ke nan ka san halin ƙananan ma'aikata ka kuma san halin talaka. Mu nan kowa ya san yadda mutane ke tsoron caji ofis, mutum ko shaida anka kira shi sai ya fara neman wanda zai raka shi da ɗan abin da zai sa aljihu. Ofishinka ba haka yake ba. Rubutun nan na bango da ke cewa beli kyauta ne, a wurinka magana ce mai aiki. Akwai yaron shagona da anka kama cikin wata hatsaniya bakin tasha, na tahi da kuɗi cikin aljihu don na saba jin labari, sajen da ke kanta ya ba ni takarda na sa hannu, ya ce Alhaji kawo katin shaidarka da lambar waya, ya rubuta, ya buɗe ya hiddo yaro ya ce ku dawo ran Litinin ƙarhe tara. Na miƙa mishi hannu a dunƙule, ya matsa baya ya ce Alhaji rufa min asiri, Baba ba ya wasa da wanga. Ka ji inda shugabanci yake, kai ba ka ma cikin ofis lokacin amma tsoron ɓata maka suna na nan zaune kan kanta.

Abin da ba mu mantawa shi ne 2021. Shekara ce mai nauyi ga 'yan kasuwar garin nan, a watan Janairu gobara ta ci babbar kasuwa, a watan Satumba anka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, sannan a Oktoba anka kai hari kasuwar Goronyo anka kashe bayin Allah da yawa, Allah Ya jiƙan su. Lokacin nan in mota ta tashi zuwa gabas ba ka da hanyar jin ɗuriyarta sai ta dawo, matan direbobi su zo rumfa suna tambaya mu kanmu ba mu da amsa. Kai ne ka kira shugabanninmu da na direbobi ka ce a aje littahi a tasha, duk motar da za ta hita a rubuta lambarta da sunan direba da yaran mota da garin da ta nufa, kuma a riƙa tahiya a jere da hantsi, kada kowa ya kuskura ya yi dare. In magariba ta yi wata ba ta shigo ba, ɗan sandanka zai ɗau lambar ya sanar ta rediyon oba-oba ga ofisoshin da ke kan hanya. Littahi ne na makaranta mai bangon kwali, ba wani abin kuɗi ba, amma hankalin gidaje nawa ya kwantar? Ni dai na ga tsohuwa ta zo tana kuka, kofur ya buɗe shafi ya nuna mata da yatsa ya ce Inna an ga motar ɗanki Wurno, taya ce ta hwashe, gobe shina tahe.

Sai maganar sulhu. Rikicin bashi tsakanin dillali da mai kaya, ko na mai gida da yaronai, ba ka gaggawar tura mutane kotu, sai ka kira mai unguwa da sarkin kasuwa da liman a zauna a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Amma in magana ta jini ce ko hyaɗe ko mai kai wa ɓarayin daji mai da abinci, to nan ba ka jin roƙon kowa, na san manyan mutane da sunka zo da babbar riga sunka koma da kunya. Wasu sun ji haushinka kan haka, mu kuwa nan ne munka ƙara ganin girmanka.

Muna godiya ga dukkan ma'aikatan ofishin, masu sintirin dare cikin sanyin hunturu da masu tsayuwa kan titi cikin zahin Afrilu da Mayu, wanda duk ɗan Sakkwato ya san ba wasa ba ne, da 'yan sanda mata da ke sauraren ƙorahin mata cikin sirri.

Roƙonmu ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha da ofishin shiyya ta 10 da ke nan Sakkwato guda biyu ne. A turo muna wanda zai riƙe tsarin da Baba ya bari, musamman zama da 'yan kasuwa da direbobi. Sannan don Allah a biya shi haƙƙoƙinai na ritaya kan lokaci, muna ganin yadda tsoffin 'yan sanda ke kokawa kan tsarin fansho har da zanga-zanga a Abuja, ba mu son ganin mutum irin wanga shina yawo da fayil ofis-ofis da hurhurarai.

Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lahiya, Ya albarkaci zuri'arka, Ya jiƙan abokan aikinka da sunka rasa rayukansu bakin aiki. Amin.

Naku,
Ɗan kasuwar albasa, a madadin 'yan rumfa da direbobi, Sakkwato