A riƙa koyar da aikin Dakta Denis Burkitt

Ya Edita,

Rahotonku na kwanan nan kan makarar kai yara masu ciwon daji asibiti ya sa ya dace a tuna da Dakta Denis Burkitt, likitan tiyata kuma malami a makarantar likitanci ta Makerere a Yuganda, wanda ya rasu a 1993.

A 1958 ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara har haƙora su yi ta girgiɗi. Da ido ɗaya yake gani, amma a 1961 shi da abokai biyu suka hau tsohuwar mota, suka yi kusan mil 10,000 suna bin asibitoci da tambaya guda: daga ina yaro mai wannan ciwo ya fito? Taswirarsu ta nuna ciwon ya fi yawa inda zafi da ruwan sama ke raya sauron maleriya. Kan tsaunuka masu sanyi kuwa, da wuya a gan shi.

Kumburin yakan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu, amma yana jin magani idan an tare shi da wuri. Inda ake kuskure, a ɗauka ciwon haƙori ne, a cire, a sallami yaro. Ina roƙon makarantun likitanci su horar da ɗalibai su riƙa rubuta garin kowane mara lafiya, su kuma tura irin wannan kumburi a ɗebi tsoka a gwada ba tare da jinkiri ba.

Naku,
Mai karatu