Wasiƙar Babbar Sallah daga Borth

Borth, ƙasar Wales
Juma'a, 10 ga Zulhajji 1446, 6 ga Yuni 2025

Assalamu alaikum. Zuwa ga Baba da Inna da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya.

Yanzu ƙarfe tara na dare a agogo, amma rana ba ta faɗi ba, sai wajen tara da rabi za a yi magariba. A waɗannan watanni agogonmu da naku ɗaya ne, shi ya sa yau duk sa'ar da na duba sai in san abin da ake yi a gida. Da hantsi na ce an sauko daga Idi, Baba ya naɗe hannun riga, Yaya ya danne rago. Da azahar na ce Inna ta ɗora kayan ciki. Mu a nan mun yi sallar Idi a Aberystwyth, tafiyar kamar minti 15 a jirgin ƙasa, cikin wani ɗakin taro tare da ɗalibai da ma'aikatan asibiti. Kafin azahar kowa ya koma bakin aikinsa. Kantuna a buɗe, yara a makaranta, babu wanda ya san yau wata rana ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tumaki. Duk tudun da ka ɗaga kai ka kalla a ƙasar nan fari fat yake da su, kusan tumaki uku ga kowane mutum ɗaya, amma babu damar ka sayi ɗaya ka yanka a ƙofar gida. Doka ta ce yankan addini sai a mayankar da hukuma ta ba lasisi. Kuma 'yan tumakin da suka cika filaye yanzu haihuwar Maris da Afrilu ne, ba su ko kusa kai shekarun layya ba. Mai son yi a nan sai ya ba mahaucin halal oda tun da wuri a babban gari irin Birmingham, tafiyar kusan awa uku, naman kuma ba ya zuwa hannu sai an sanyaya shi yadda doka ta tsara, wani lokaci sai washegari ko jibi. Babbaka tunkiya da fatarta don sayarwa ma haramun ne a dokarsu, kan tunkiyar da ta wuce shekara guda kuma ba ya fita daga mayanka. To ina farfesun kai da ƙafa zai fito? Shi ya sa na turo kuɗin layyata gida. Ina fata Yaya ya samu mai kyau.

Inna, suyar gobe ce nake kewa fiye da komai. Rago ya kwana a rataye ya tsane, da safe a shimfiɗa tabarma a zauna yanka, a tafasa da albasa da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa har ruwan ya ƙone a jikinsa, sannan a narka kitsen a soya a ciki har kumfar ta lafa, a kwashe a zuba a tukunya, mai ya rufe shi, a yi wata biyu ana ɗiba. A nan idan mutum ya bi wannan hanyar kai tsaye sai ta ƙi. Naman yana zuwa a leda, jiƙe, kuma na ƙaramar dabba ne, yana taɓa wuta yake sakin ruwa ya dagargaje. Murhun lantarki ba shi da ƙarfin itace, in ka cika tukunya mai ya huce, naman ya sha mai maimakon ya soyu. Gyaran da matan nan namu suka gano shi ne a ce wa mahauci a ba da na babbar tunkiya, a baza shi a buɗe cikin firji ya kwana ya sha iska, a soya kilo ɗaya ɗaya, a buɗe taga saboda na'urar rufin ɗaki mai ƙara idan ta ji hayaƙi kada ta tada maƙwabta. Ko an yi duk wannan ba ya ajiyuwa a waje, don iskar teku danshi gare ta, kwana kaɗan zai yi fumfuna. Dole ya koma firji. Ɗanɗanon yana kusa, amma ƙamshin itacen babu, kuma babu yaran da za a ɗora wa kwano a ce wannan na gidan Liman, wannan na gidan Gwaggo, wannan na tsohuwar bayan masallaci.

Wannan rabon shi ya sa na tuna tambayar da Inna take yi mini kullum, wai mutanen garin suna da kirki? Bari in ba da amsa a tsanake yau.

Garin ƙarami ne, mutum kamar 1,400. Kusan layi ɗaya ne dogo a kan tudun tsakuwa, teku a gabansa, babbar fadama mai suna Cors Fochno a bayansa. Idan ruwa ya janye sosai ana ganin kututturan wani tsohon daji a cikin yashi, masu shekara sama da 4,000, guguwar farkon 2014 ta ƙara tono su. Kowa a nan ya san teku ta taɓa cin ƙasa. Tsakanin 2011 da 2015 hukuma ta jibge manyan duwatsu a cikin ruwa don su karya ƙarfin igiya, ta ƙara tsakuwa a gaɓa. Duk da haka idan iskar hunturu ta haɗu da cikar teku, gidajen gaba sukan sa katako a ƙofa, a tara buhunan yashi, da safe a fito a kwashe duwatsun da ruwa ya watso kan titi.

Kirki kuwa suna da shi, sai dai nasu a rubuce yake, da jadawali. Akwai tashar kwale-kwalen ceto tun 1966, kuma duk masu shiga cikinsa 'yan sa-kai ne, ba a biyansu ko kwabo. Kowannensu yana yawo da 'yar na'ura a aljihu, in ta yi ƙara mai gini ya ajiye cokalinsa, mai shago ya rufe, a ruga. Wasu su tura kwale-kwalen cikin ruwa, wasu su shiga, waɗanda ƙarfi ya ƙare musu kuma su zauna a shagon tashar suna sayar da 'yan kayayyaki don tara kuɗin mai. Tsohon ginin tashar jirgin ƙasa ma mutanen gari ne suka gyara suka mai da shi gidan tarihi, su suke buɗewa su rufe. Akwai zauren gari inda tsofaffi suke haɗuwa shan shayi, da bikin shekara na watan Agusta da ake tara kuɗi a raba wa ƙungiyoyin gari. A karkarar wannan yanki gidaje da yawa da kananzir suke ɗumama ɗaki, kuma mai tanka ba ya kawo ƙasa da lita 500, don haka maƙwabta sukan haɗa oda wuri ɗaya farashi ya sauko, kusan irin adashen su Inna. A 2024 ƙaramar hukumar Ceredigion ta kawo maganar rufe makarantun ƙauye huɗu saboda ƙarancin yara, har da firamaren garin nan. Iyaye da kakanni suka tashi tsaye da taro da takardu har aka dakata. Wannan ya burge ni ƙwarai.

To amma maganar makarantar ita ce ta nuna ciwon. Yara ne babu. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Ceredigion sun ragu daga wajen 75,900 zuwa 71,500 cikin shekara goma. Matashi ya gama karatu ba ya samun aikin da zai riƙe shi duk shekara, aikin baƙi ne na watannin zafi, sa'ad da gidajen tirela na masu zuwa hutu suke cika, garin ya ninka, sannan Oktoba ta zo komai ya mutu. Gida kuma ya fi ƙarfinsa, domin masu kuɗi daga biranen Ingila suna sayen gidajen bakin ruwa su riƙa zuwa hutu, wasu kuma a mai da su na hayar kwana. Ka bi layin da daddare a watan Janairu ka ga tagogi nawa ne babu fitila. Tun 2023 gwamnatin Wales ta ba ƙananan hukumomi ikon ƙara harajin irin waɗannan gidaje har kashi 300 cikin 100, kuma tamu ta ƙara. Amma haraji ba ya rage kuɗin gidan da aka riga aka sa a kasuwa, saurayi da budurwa dai sai su tafi.

Wa aka bari? Tsofaffi, su ne aikinmu, mu masu bi gida-gida muna kula da su. Magani kyauta ne a Wales tun 2007, wanda ya kai shekara 60 yana hawa bas kyauta, amma hannun da zai tashe shi daga gado shi ne ya yi ƙaranci. Ziyarar safe yawanci rabin awa ce. A cikinta za a tashe shi, a yi masa wanka ko goge jiki, a duba fata ko ta fara ciwon kwanciya, a sa tufafi, a ba da magani a rubuta, a haɗa karin kumallo, a ajiye ruwa da waya inda hannu zai kai. Wanda ba ya iya tsayuwa sai da na'urar ɗagawa, ita kuma mutum biyu take so, in ɗaya ta makara a hanya dukan jerin gidajen ranar ya goce, wanda ya kamata ya karya da takwas sai goma. Saboda rashin ma'aikata, tsoho yakan warke a asibiti amma ya ƙara makonni a gado, don ba a samu mai zuwa masa gida ba. Babban asibiti ɗaya ne a duk tsakiyar Wales, Bronglais a Aberystwyth, kuma wasu jinyoyin, kamar gashin ciwon daji, sai Swansea, wajen awa biyu a mota, ga shi layin dogon da ke gangarawa kudu ta Carmarthen ya daina ɗaukar fasinja tun 1965. Wanda ba shi da mota sai ya dogara da maƙwabci. Likitan haƙori na gwamnati kuwa samun gurbi a wajensa sai an daɗe ana jira.

Akwai wani abu da ban sani ba sai da na zo. Kusan rabin mutanen Ceredigion suna jin harshensu na Welsh, kuma tsohon da mantuwa ta kama sau da yawa Turancin ne yake fara zubewa, harshen uwa ya rage. Ma'aikaciyar da ta iya cewa “bore da”, wato ina kwana, ko ta tambaye shi ko zai sha “paned”, wato kofin shayi, takan ga fuska ta saki. Masu jin harshen sosai a wannan aiki ba su isa ba, kuma wannan rashi ne babba. Ina tuna Kaka a shekararta ta ƙarshe, da ta koma Fulatanci zalla, Gwaggo kaɗai ke gane ta.

Abin da jadawalinsu bai kai gare shi ba shi ne tsakanin ziyara da ziyara. Daga ƙarfe biyu zuwa shida tsohuwa tana zaune tana kallon teku, gida da ɗumi, firji cike, 'ya'ya suna Cardiff ko Landan suna bugo waya ranar Lahadi. A nan ba a shiga gidan mutum sai da dalili ko alƙawari. Mu kwanon nama ne dalilinmu, da cigiyar kaza, da aron turmi. Gobe in Allah ya kai mu zan soya kilo biyun da na samu, in kai wa gidaje uku na layinmu.

Kawu ya yi mini maganar ɗansa. Don Allah Baba a gaya masa kada ya ba kowa kuɗi da sunan bizar aikin kula da tsofaffi. Tun Maris 2024 aka hana masu wannan biza zuwa da iyali, kuma a watan jiya gwamnatin Birtaniya ta sanar za ta rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Duk wanda ya ce a biya shi ya samo takarda, a guje shi.

Idan an samu mai zuwa, a aiko mini da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yajin Inna, a ɗaure kowanne a leda biyu. Kada a sa kilishi ko dambun nama ko man shanu, ba a shigowa da nama da kayan madara daga gida, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

A gaishe da Yaya da matarsa da yara. A gaishe da Kawu, da Baffa na Sabon Gari, da Malam Liman, da maƙwabta gabas da yamma. Gwaggo ta Tudun Wada kuwa a je har ɗaki a gaishe ta, a tambayi ƙafar, a ce mata mayafin da ta ba ni shi na yafa zuwa Idi yau, kuma a zaɓa mata hanta da tsoka mai laushi daga nawa, kada a ba ta mai ƙashi. Auta, na ga hoton lallenki, ya kama sosai, amma ban ga ɗinkin ba, ki tsaya a bakin bishiyar darbejiya da safe a ɗauke ki tun daga sama har ƙasa. Ki rage wa Inna aiki gobe, hayaƙi yana damun idonta, kuma in za ku je kallon hawa ki riƙe hannun yaran Yaya da kyau. Goron Sallarki yana wajen Yaya, na yaran ma haka. A gaishe da ƙawayena na Islamiyya duka.

Inna, gobe idan an ɗora kaskon farko ki sa Auta ta kira ni, ta ajiye wayar kusa da murhu. Ina da hutu daga sha ɗaya zuwa sha biyu.

Baba, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
'Yarku