Ga masu kiwon ƙananan isofod a Katsina: ku kula da laima da zafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan sam mana fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana da matasan da suka fara ajiye ƙananan isofod a gida, wato wasu 'yan halittu masu kama da ƙwari da ke zama cikin ƙasa mai danshi suna cin ganye, da malaman kimiyya masu son nuna wa ɗalibai su a aji. Yawancin bayanin da ke intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta shi don ɗakunansu masu sanyi, har da shawarar a sayi abin ɗumama akwati. Wanda ya bi shi ido rufe a Katsina, kafin Afrilu ya fita zai buɗe robarsa ya tarar ba mai motsi.

Wanda aka fi kiwo shi ne farin nan mai suna Trichorhina tomentosa a kimiyyance, asalinsa yankunan zafi na nahiyar Amurka. Babbarsu da kyar take kai milimita 5, kamar ƙwayar riɗi. Ana yi musu kallon ƙwari, alhali dangin ƙaguwa da jatan lande ne. Ƙafafunsu 14, kuma da wasu 'yan faifai masu taushi da ke ƙarƙashin ƙarshen jiki suke numfashi, waɗanda sai da danshi suke aiki. In ƙasa ta bushe, shaƙewa suke yi. Wannan ne tushen duk abin da za mu faɗa.

A nemi roba mai murfi ta lita 5 ko 6. A zafafa allura a huda rami shida zuwa takwas a gefe ɗaya kawai, a liƙa yanki mai laushi a kai don kada ƙananan ƙudaje su shiga. Yawan huji alheri ne ga manyan isofod, amma ga waɗannan hanyar tserewar laima ce, musamman da hunturu. A zuba ƙasa mai zurfin santimita 6 zuwa 8, domin su masu tono ne, ba kasafai suke yawo a sama ba. Haɗin da ke aiki: kashi biyu na ƙasar ganye da ta riga ta ruɓe, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen icce da aka murje, ɗan dakakken gawayi, da cokali ɗaya na garin ɓawon ƙwai. A kwarara wa ƙasar tafasasshen ruwa tukuna, a bari ta huce, don a kashe ƙwan gara da na tururuwa. Kada a sa taki na zamani ko kashin kaji, haka ma garin katako daga wurin kafinta, saboda sau da yawa an shafa wa katakon maganin gara.

Gwajin ruwa ba wuya. Damƙi ƙasar a hannu ka matse: ta dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. In ruwa na zuba ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, ƙasa za ta yi tsami, su kuma su nitse. Gefe ɗaya na robar ya fi ɗayan jiƙa, su zaɓi inda suke so. Ruwan famfo a bar shi a buɗe ya kwana kafin a yi amfani da shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu a leƙa kullum, don iskar hunturu na iya busar da saman ƙasar a wuni guda. Da damina sau biyu a mako ya isa.

Sai ganye, wanda shi ne ainihin abincinsu kuma shi ne rufinsu. Busasshen ganyen mangwaro da na gwaiba sun yi, a jiƙa su a ruwan zafi, a shimfiɗa da kauri har ƙasa ta ɓuya. Inda mutanenmu ke kuskure shi ne bedi, wato darbejiya, don shi ne a ƙofar kowane gida. Ganyen bedi na ɗauke da sinadarin da ke hana ƙananan halittu saɓa, wato sauya fata, shi ya sa ma manoma ke jiƙa shi su yi feshi. Ganyen bishiyar turare shi ma a guje shi. Ganyen da aka tsinto a gonar da aka yi wa feshi kuwa, ko na wace bishiya ne, a zubar.

Ƙarin abinci kaɗan ne: yankin kabewa, karas ko dankali da bai wuce girman farce ba, sau ɗaya a mako, da ƙwaya ɗaya ta abincin kifi da aka murje. Abin da ya rage bayan kwana biyu a cire. Fumfuna da ƙananan ƙudaje da ke cika roba kusan kullum daga yawan abinci ne. Mai sabon kiwo hannunsa ba ya haƙuri, gani yake kamar suna jin yunwa.

Zafi ne babban gwaji. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28, mu kuwa a bazara muna haura 40. Robar da aka ɗora a taga ko a ɗakin kwano da ba silin, rana ɗaya ta ishe ta. A sauke ta ƙasa, a kusurwar da ta fi sanyi, kusa da randa in akwai. Dabarar da ta fi ita ce ta tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan miya har ta kai shi ga lambar yabon Rolex a 2000: babbar tukunyar ƙasa, ƙarama a ciki, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, robar a cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Busasshiyar iskarmu ce ke sa ta yi aiki sosai. Firji bai dace ba, sanyinsa ya yi musu yawa.

Maganin sauro na igiya, na feshi da fiya-fiya duk suna gamawa da su, ko da murfin a rufe yake. A fitar da robar kafin a kunna ko a fesa, kada a dawo da ita sai ɗakin ya sha iska. Tururuwa kuma a tare ta da faranti mai ruwa a ƙarƙashin robar, ko a shafa basilin a kewayenta.

Guda 20 zuwa 30 sun isa farawa, kuma ba a neman namiji, domin matan wannan nau'in suna haihuwa ba tare da barbara ba. Uwar na ɗauke da ƙwai a wata jaka a ƙarƙashin cikinta har su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito da ƙafa 12, sauran biyun sai bayan saɓa. Saɓar rabi-rabi suke yi, bayan jiki tukuna sannan gaba, don haka wanda ya ga ɗaya mai launi biyu kada ya ɗauka ciwo ne. Wadda aka taɓa ta sandare ma a ƙyale ta, mutuwar ƙarya ce. A daina tonon ƙasa don ƙirga su. A ajiye ɓawon icce a saman ƙasar, a riƙa ɗaga shi a leƙa, a mayar. Cikin wata biyu zuwa uku za a ga ƙanana sun yi yawa a ƙarƙashinsa, bayan wata shida kuma a raba ƙasar gida biyu a ƙara sabuwa. Tsohuwar ƙasar da za a zubar a kwarara mata ruwan zafi, kada a watsa baƙuwar halitta a lambu ko fadama.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wasu masu kiwon ƙananan halittu,
Katsina.