Kafin a sayi tsohon fulat a Garki ko Wuse

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin 'yan'uwa masu shirin zuba kuɗinsu a tsofaffin gidajen bene na Garki da Wuse a Abuja. Galibin waɗannan fulat-fulat an gina su ne a shekarun 1980 domin ma'aikatan gwamnatin tarayya, sannan aka fara sayar da su a 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, lokacin da Malam Nasir El-Rufai ke ministan Abuja. Yanzu masu su sun tsufa, wasu sun rasu, gidajen sun sake shigowa kasuwa. Wurin yana da daɗin zama: ga Kasuwar Wuse, ga asibitoci da masallatai, ga abin hawa dare da rana, ɗakunan kuma suna da faɗin da ba a samu a sababbin gine-gine. Sai dai mai sayen fulat yana sayen kaso ne a cikin gini guda. Rufi, bututun ruwa, matakala da maƙwabta duk suna cikin cinikin, ko da dillali bai ambace su ba.

A fara da takarda, tun kafin a leƙa ɗaki. Mai saye ya nemi takardar tayin da gwamnati ta ba mai gidan na farko, da rasiɗan biya, da C of O, wato takardar shaidar mallaka, ya ba lauyansa na kansa ya je ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, ya yi bincike. Lauyan mai sayarwa ba naka ba ne. Binciken zai nuna sunan da ke kan fayil da kuma ko gidan na jingine, domin ma'aikata da yawa da bashin banki suka biya, asalin takardar tana hannun bankin har sai an gama. Idan mai gidan ya rasu, sa hannun babban ɗa shi kaɗai bai isa ba. A ga takardar kotu ta rabon gado ko ta kula da dukiyar mamaci, kuma duk magada su amince a rubuce. A duba kuɗin ƙasa na shekara-shekara. A watan Maris na 2025 hukumar birnin ta soke takardu 4,794 a unguwannin da suka haɗa da Garki da Wuse saboda bashin sama da shekara goma. Bayan ciniki kuma, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin mallaka ta koma hannun wani, a Abuja minista ne ke ba da ita. Wanda ya tsaya a takardar wakilci kawai, a idon hukuma gidan bai zama nasa ba tukuna.

Abin da ya fi kashe waɗannan gine-gine shi ne ruwa, kuma a nan ne sabon fenti ke ruɗar mutane. A je duba gida a watan Agusta ko Satumba, bayan an kwana ana ruwa. A ɗaga kai a banɗaki da kicin a kalli ƙasan dekin. Tabo mai ruwan ƙasa ko fentin da ya yi bororo alama ce banɗakin maƙwabcin sama na yoyo. Ruwan da ya ratsa kankare yakan kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga simintin daga ciki har ɓaraguzai su fara zubowa. A ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma. In ya yi ƙara kamar fanko, kankaren ya rabu da rodi. Ciwon a gidanka yake, maganin yana gidan wani, kuma ba kowane maƙwabci ne zai yarda a fasa masa tayil ba. Saboda haka a hau sama a gaisa da shi kafin a biya ko kwabo.

Sai famfo. Tsofaffin bututun ƙarfe na rabin inci sukan toshe da tsatsa daga ciki. A buɗe famfon kicin da na wanka a lokaci guda: in ɗaya ya koma ɗigo, ko ruwan ya fara fitowa ja, a sa kuɗin canja bututun gaba ɗaya zuwa na roba a cikin lissafi. A zuba bokiti biyu a masai a ga yadda yake tafiya, a kuma buɗe murfin ramin duba magudana da ke bayan gini. Wannan yanki yana kan babbar magudanar birni mai zuwa matatar ruwan datti ta Wupa, amma reshen da ya fito daga ginin yakan cika da saiwar bishiya.

Tsagar filasta mai sirantar gashi ba abin damuwa ba ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, mai faɗin da ya haura milimita 3, ita ce ke bukatar injiniya. A leƙa hawa na ƙasa ma, domin wasu sun rushe bango sun mai da fulat shago ko ofis, wani lokacin bangon da ke ɗauke da nauyin na sama. Ni dai ginin da aka yi wa haka ba na ba kowa shawarar saye, komai arharsa.

Wayar wuta ta wancan zamani ba a yi ta don na'urar sanyaya ɗaki uku da firiza da hita ba. Mai gyaran wuta ya buɗe akwatin fis ya gwada wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, ya tabbatar soket na kan waya mai lambar kauri 2.5, manyan kaya na kan 4 zuwa sama. A karɓi lambar mita a bincika bashi a AEDC, kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, haka kuɗin ruwa da na shara. In rufi ko silin na asbestos ne, kada a yanka shi a bushe, ƙurarsa na illata huhu.

A ƙarshe a dawo unguwar da ƙarfe goma na dare, a tsaya a ɗakin kwana a ji janareto da kiɗa, a ga ko akwai wurin ajiye mota. A tambayi mazauna wa ke karɓar kuɗin gyaran rufi da na mai gadi, nawa ne a wata, mutum nawa ne suka daina biya. Ba a cinikin biri a sama: kuɗin lauya, la'adar dillali, kuɗin rajista da na gyaran da aka gano, a tara su a kan takarda ɗaya, da ita za a zauna taya gidan.

Naku,
Wani mai duba gine-gine, Abuja